Ƙofa Ta Uku

Sha ɗaya na dare a Ali Ɗan Sofo.
Kuran ya dawo, fanka ta soma tari,
shayina ya huce ban kurɓa ba.
Can Dakoro, a ɗakin shan magani,
akwai akwatin rezo da na kafa bara da hannuna.
Ƙofa takwas gare shi. Ta ukun ce ta juya mini baya.

Shekaranjiya dubu take gudu.
Yau ɗari. Ɗazu ma goma.
Ta tashi, ta faɗi, ta sake tashi
kamar ɗan akuyar da aka haifa da hantsi.

Mutane sun ɗauka inji ba ya gaisuwa.
Yana yi, har da ciniki.
Kafin harafi ɗaya ya ratsa waya
sai ƙofa ta tambayi ƙofa: nawa kike ɗauka?
Wannan ta ce dubu, waccan ta ce ɗari,
ba dillali, ba mai cewa albarka,
a sauka kawai inda mai rauni ya tsaya.

Wani sa'in ma ba farashin ne rigimar ba.
Ɗaya na magana tana saurare a lokaci guda,
ɗaya na jiran a yi shiru kafin ta buɗe baki,
sai zance ya yi karo da zance
kamar amalanke biyu a mashigin gulbi.
Ga lissafin kuskure na hawa a allona:
ɗari huɗu da sha biyu,
da sha tara,
da talatin.

Ina iya tilasta mata. Layi ɗaya ne:
tsaya a ɗari, bar tambaya.
Amma ta ƙofar nan nake shiga.
In hannuna ya goce, na kulle kaina a waje
makulli na ciki,
gobe sai hanyar Dakoro, da man da ofis ba zai biya ba.
Sai na bar wa akwatin wasiyya:
in ba ka ji ni ba nan da minti goma,
manta abin da na ce, koma yadda kake.

Na danna.
Allo ya daskare.
Na ji karnukan unguwa ɗaya bayan ɗaya,
na ji mai gadin maƙwabta yana jan kujera.
Minti goma ba kaɗan ba ne.
Ya dawo, da ciwonsa yadda na same shi.

Sai na kira Barira, ita ke kwanan aiki.
Ta ce, "Injiniya, ka san ƙarfe nawa?"
Na ce na sani, duba mini fitilar ta uku.
"Ruwan goro."
Bi wayar da hannu, a hankali.
Na ji takalminta, na ji ta ture firjin allura,
na ji tsaki.
"Ɓera ya yi walima a nan.
Silli takwas ne? To, mai ruwan ƙasa ya rabu,
koren ma da ƙyar yake riƙe."

Ashe ba gardama ba ce.
Dubu sai da takwas ɗin cif,
ɗari na lallaɓawa da huɗu.
Ƙofar gaskiya take faɗa mini tun magariba:
abin da ya rage mata ke nan.

Akwai sabuwar waya a kwali, bisa kabad.
Ta ciro, ta zare tsohuwar, na ɓace daga Dakoro.
Ƙas.
"Kore," in ji ta. "Ana kirana, wata na naƙuda."
Ta kashe ban yi godiya ba.

Na rubuta a bayan rasit:
bututun waya, tarko biyu, katin kira na jikka don Barira.

Wajen ƙarfe huɗu, ban yi barci ba,
rajistar dare ta iso ta ƙofa ta uku,
layi ɗaya tal:
mace, kilo uku da ɗari biyu.