Ƙasan Ganye

A Ntcheu, inda kwalta ke bin iyakar Mozambik,
tumatir ne kuɗin makaranta,
shi ne kwanon rufi, shi ne gishirin miya.
Gonar ba tawa ba ce.
A nan namiji ke tarewa garin matarsa,
ni baƙo ne mai fartanya
a ƙasar surukata Nambewe.

Rani ya yi nisa, ganye ya soma ɗige-ɗige,
ya yi ruwan tagulla, ya naɗe, ya mutu a tsaye.
Na duba sama, na duba saiwa,
ban ga ɓarawo ba, sai sawun ɓarna.

Na sayar da akuya, na sayo kwalba
mai hoton ƙoƙon kai a gefe.
Na fesa har idona ya yi ja.
Kwana bakwai, cutar ta dawo da 'ya'ya da jikoki.
Ashe dogaran gonar na kashe,
na bar ɓarayi suna walima.

Nambewe ba ta ce mini uffan ba,
tsakaninmu akwai kunya mai kauri kamar katanga.
Jikarta Tadala ta aiko
da ido guda na tsohon tabarau:
"Kaka ta ce ka juya ganyen."

Na juya.
Ga su nan, jajaye, kamar an watsa garin barkono,
garin barkono mai ƙafafu takwas,
sun yi saƙa siririya, sun kafa gari,
suna tsotsar koren da na yi wata uku ina shayarwa.
Abin da ya ci akuyata
bai kai kan allura ba.

Da yamma na ji turmi.
Ba masara ake daka ba,
ganyen magimfa ne daga shingen bayan ɗaki,
wanda na sha cewa a sare, yana cin wuri.
Ta jiƙa shi a bokiti ya kwana,
ta tace da tsohon zane,
ta kankare sabulu kaɗan a ciki.
Tsintsiya ce injinta.
Ta durƙusa, ta rufe hanci da gefen mayafi,
tana yayyafi daga ƙasa zuwa sama
kamar mai yi wa jariri wanka.

Kada in yi ƙarya, ba duka suka tashi ba.
Kunya huɗu ta gabas sun riga sun tafi,
muka tumɓuke, muka ƙone.
Sauran, duk bayan kwana biyar, turmi da tsintsiya,
har sabon toho ya fito ba tabo.

Rannan na ɗauki bokitin zan ɗauraye a rafi.
Karon farko a shekara tara
ta kira ni da baki, ba ɗan aike:
"Kai, Mavuto! Dawo da shi!
Ganyen da ke kashe ƙwaro yana kashe kifi.
Don ya fito daga ƙasa ba ya nufin ba shi da haƙori."

Na tsaya, ƙafa ɗaya a ruwa.
Ƙananan kifaye na zagaya idon sawuna,
ba su san me aka yi ba.

Yau Tiyanjane na bakin titi
ta jera tumatir dala-dala, direbobi na taya.
Ni kuwa ina bayan ɗaki,
ina ba shinge ruwa.