Jakar Sahabi

Ranar da na kai shi, ruwa bai ɗauke ba,
gero na tsaye, ba a kai ga girbi ba.
Wandon ya fi shi, sai da aka naɗe ƙafa.
Ya riƙe mini riga har bakin aji,
ya ce, "Baba, kai ba za ka zauna ba?"

Makon farko bai zo da komai gida ba
sai kukan fensir da wani ya karya masa.
A na biyu ya ɗauki gawayin Inna,
ya zana wani abu a bangon rumbu,
sanda da tumbi, kamar mai juna biyu.
Ya ce wannan "bi" ne, in ya juya baya "di".
Ni dai ban ga abin da ya raba su ba.

Lissafi ya shigo mana da ƙara,
murafun kwalba cikin gwangwanin madara,
da dare ana zubewa, ana tarawa.
Bakwai da biyar suka ƙare masa yatsu,
sai ya ce in ara masa biyu nawa.
Hannun da ya tsage da dashen albasa,
bai taɓa aikin da ya kai wannan daɗi ba.

Malama Kulu ta ce a shuka wake,
ɗaya a rana, ɗaya a ƙarƙashin gado.
Na gadon ya fito fari, dogo, ba ƙarfi.
Ya zo da gudu: "Baba, shuka na cin rana!"
Shekara talatin ina fadamar Aliero,
na san haka tun kafin a haifi Malama,
amma ban taɓa jin an faɗa da baki ba.

Mun yi gardama kan injin ban-ruwa.
Na ce yana da rai: yana sha, yana tari,
in ya yi fushi sai an lallashe shi.
Ya ce, "To ina ɗansa?"
Har yau ban samo amsa ba.

Yanzu a gidanmu akwai ɗan doka.
Ba a sa hannu a tuwo sai da sabulu.
Inna ta ce, "Mi kaka nuhi, ɗan nema?
Da hannun ga niy yi renon ubanka."
Ta yi mita, ta yi tsaki, ta wanke.
Awaki kuwa sun sha taken ƙasa
da Turancin da ko Bature bai sani ba.

Alwala ya gyara mini wajen gwiwar hannu,
ya ce Malam Arzika ya ce har sama.
Na so in ce, yaro, kama kanka,
na duba, ashe ruwan bai kai ba.

Ran kasuwa muna lodi, motar Kudu,
na ce wa direba buhu ashirin ne.
Sai wata ƙaramar murya daga bayana:
"Sha tara, Baba. Na ƙirga sau biyu."
Aka sake ƙirgawa. Sha tara.
Leburori suka kwashe da dariya,
kuɗin buhu guda ya bi iska.
Zan ce ban ji haushi ba,
amma yaron na kusa, ƙarya ba ta yi ba.

Yau aka ba su hutu.
Ya miƙo takarda, gefenta duk man ƙosai,
ya ce na sha huɗu, cikin hamsin da biyu.
Na riƙe ta kamar mai duba kuɗin jabu,
layi-layi, kamar kunyar gona,
ba wanda na sani a cikin taron.

Sai can sama, a tsakiyar sunansa,
ga sanda, ga tumbi, yana duban gaba.
Na ɗora yatsa, na ce, "Wannan bi ne."
Ya dube ni yadda Malama ke duban su,
ya ce, "Daidai. A tafa masa."
Ya tafa shi kaɗai, a zaure,
ni kuwa idona ya cika da ruwa,
ga shi ba wanda ke yanka albasa a kusa,
don haka ban sami abin ɗora wa laifi ba.