Gida Arba'in da Bakwai

A Valparaiso, kan tudun da gidajenmu suka hau juna
kamar tukwanen da aka kife bayan biki,
Herminia ce shugabar unguwa.
Makullin zauren taro na hannunta,
ita kuma ta tara mu, gida arba'in da bakwai,
a rukuni guda cikin waya.

Da can, in na ji taku a matakalar dutse da dare,
sai in ce Aurelio ne ya taso daga tashar jiragen ruwa,
ƙafarsa ta hagu na jan ƙasa.
In gyara filo, in koma barcina.

Yanzu waya ce ke fara farkawa.
"A kula, an ga wani mai hula ruwan toka a gaban shagon burodi."
Kafin in lalubo tabarau, saƙo ashirin:
wannan ya ga inuwa, wancan karensa ya yi haushi,
Nelida ta ce tun Talata jikinta ke ba ta.
Kowa na ƙara gishiri a miyar da ba wanda ya ɗanɗana.

Na tashi sau uku ina duba sakata,
ƙofar da shekara talatin turawa kawai nake yi.

Ba zan yi butulci ba.
Ranar da wuta ta taso daga dajin bayan tudu
saƙon Herminia ya riga hayaƙi isowa.
Da shi muka fito da tsohuwa Clorinda a kan kujerarta,
kyanwarta cikin jakar cefane.

Amma mai hular nan,
da gari ya waye, ashe jikan Clorinda ne,
ya iso daga kudu a motar dare,
yana jiran a buɗe shago ya saya mata burodi mai ɗumi.
Hotonsa ya riga ya kwana a kowace waya.
Herminia ta rubuta, "An gane shi, a kwantar da hankali."
Mutum uku suka amsa.

Jiya ya bi ta ƙofata, ya gaishe ni.
Na amsa da fara'a. Hannuna kuwa, ban aike shi ba,
ya kai ga sakata.

Da dare na kife wayar a kan tebur,
na kasa kunne ga matakala,
ina jiran ƙafar hagun Aurelio
ta faɗa mini abin da ta saba faɗa.