Da Saura

A Valparaíso, a unguwar da ke rataye jikin tudu,
kakata Herminia na zuba ƙaron roba a 'yan mazubai,
ta nutsar da furen da ta tsinko a bakin matakala,
ya daskare, ya zama abin wuya.

Daren jiya raɓar teku ta shigo ta tagar da na manta.
Da safe duka sha biyun sun yi dishi-dishi
kamar madubin da aka hura wa numfashi.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, kawo ruwa a kwano.
Samfefa mai kaushi tukuna, a jiƙe,
sai mai laushi, sai wadda ta fi ta.
Ruwan kwano ya koma kamar tsala.
Kada ka tsallake lamba, Baldomero,
ƙarzunan da ka bari a ƙasa su za su tona ka a sama.

Sai man gogi a tsohuwar rigar kakana,
zagaye, zagaye, har wuyan hannu ya yi tsami.
Furen ya taso, ja wur,
har jijiyoyinsa na ƙirga.

Ta ɗaga shi saitin rana, ta juya,
ta ce da saura.

Na dube shi, garau kamar ruwan sama.
Na dubi idonta na hagu
inda yana ta fara kwanciya tun bara.

Ban ce komai ba.
Na karɓi tsumman daga hannunta,
na ci gaba da gogewa.