Rige-rige

Ƙarfe uku saura kwata a Brno.
Taragon ƙarshe ya wuce ta ƙarƙashin taga tun ɗazu,
ya bar dogo yana sheƙi cikin ƙanƙara.
Ni da injuna goma sha biyu da shayin da ya huce
muna dakon mutuwa ta sake zuwa.

Sau ɗaya take zuwa a kwana tara.
Ba sallama. Allo ya sandare,
zuciyar na'ura ta amayo lambobi,
a tsakiyarsu, kamar sawun ɓarawo a ɗanyen siminti:
6b6b6b6b.
Tokar nan ce da muke barbaɗawa
a ɗakin ma'ajiya bayan an kwashe kaya,
don duk wanda ya koma ciki ya fito da ita a ƙafa.
To, wani ya koma.

Libor ya ce laifin masu ƙera katin sadarwa ne.
Radka ta ɗaga kafaɗa: "A injina lafiya lau."
Na dasa masu gadi a kowace ƙofa
su rubuta mini wa ya shiga, wa ya fita.
Kwana ashirin, tsit.
Ashe ɗan tsayawar gaida mai gadi
ya ishe su daina karo.
Ciwo ne mai kunyar likita,
yana jin tashin motarsa sai ya dawo.

Hannu biyu, tulu ɗaya.
Na farko ya duba, ya ga ba mai sha, ya ce bari in mayar.
Na biyu ya riga ya miƙo, bai kai ga cewa "nawa" ba.
Tsakanin miƙawa da faɗa
akwai wani ɗan rami a jikin lokaci
wanda ƙiftawar ido shekara ce a wurinsa.
Ƙunshin saƙo miliyan dubu sun tsallake shi lafiya.
Ɗaya ya rufta.

Sai na bar farauta, na koma haƙa.
Na faɗaɗa ramin da hannuna,
na ce wa hannu na biyu: dakata, numfasa, ƙirga ɗari.
Minti huɗu, injin ya faɗi.
Ban taɓa yi wa mutuwa tafi ba sai yau.
Božena mai shara ta leƙo, ta dube ni, ta ja bokitinta.

Na tambayi kundin tarihi: wa ya rubuta layin nan?
A samansa akwai 'yar wasiƙa mai ƙarfin hali:
"Ba a buƙatar kwaɗo a nan. Ba mai biyowa ta wannan hanya."
Sunana ne a ƙasa.
Shekara goma sha ɗaya.
Na san daren. Jarmila ta kira daga asibiti,
na aika aikin, na fizgi riga, na ruga,
na isa an riga an yanke cibiya.
Wancan tseren ma ni aka kayar.

Ba ƙarya na yi ba. Lokacin hanya ɗaya ce.
Daga baya wasu suka fasa ƙofa ta biyu,
ba wanda ya waiwayi alkawarina,
har ni.

Facin layi uku ne:
riƙe kafin ka taɓa, ƙirga kafin ka saki.
Bayaninsa ya ninka shi tsawo sau goma.
Gobe wani a Taipei zai ce na ɓata waƙafi,
zan gode masa, zan gyara.

Na goge tsohuwar wasiƙar.
Ban sake rantsuwa a madadin gobe ba.
Injuna suna huci a hankali.
Sai bayan kwana tara, da wasu tara,
kuma ko sannan, shirun ɓarawo ba tuba ba ne.

Ga taragon farko can yana tsaga duhu.
Dorotka tana tashi ƙarfe bakwai.
In na ɗaga ƙafa,
zan riga agogonta.