Ambulan Na Arba'in da Ɗaya

A El Alto iska ba ta cika huhu,
babba ma in ya hau bene sai ya tsaya,
balle wannan da ta zo tun ba a kira ta ba,
giram ɗari tara da sittin,
ba ta kai dankalin da uwarta ke aunawa
a kasuwar Alhamis ba.

Na karanta takardar da Sifaniyanci,
Wara ta juya ta zuwa Aymara:
ma'auni biyu na oksijin muke gwadawa,
in ya yi yawa ya taɓa ido,
in ya gaza ya taɓa rai,
a nan bisa duwatsu ba mu san tsakiyar ba.

Eulogia Apaza ta ce, "Wanne za ki ba tawa?"
Na ce ambulan ne zai zaɓa.
"Kina likita, ba ki sani ba?"
Na ce da na sani, da ban tambaye ki ba.
Ta daɗe tana dubana, sannan ta dangwala yatsa.

Ƙarfe uku na dare na yage bakinsa.
Hannuna bai yi rawa ba, cikina ne ya ɗuri ruwa.
Na murɗa iska, na rubuta lamba.

Asuba ta taɓa ƙanƙarar Illimani.
A littafina ita ce ta arba'in da ɗaya,
saura ɗari biyu kafin lissafi ya yi magana.
Uwar ba ta jira lissafi ba,
tana gefen kwalba tana saƙa hula
daidai kan lemo.