Zabuwar Mma Zuwera

Ni ne na zana zabuwar.
Shekara goma sha ɗaya ke nan,
a shagona na Asawase,
ranar da ruwa ya cika kwatar Aboabo,
ta shigo da kwalbar shito a haɓar zane,
ta ce, "Issaka, yi mini alama,
kada a sha wahalar gane nawa."
Na yi mata zabuwa mai ɗigo tara,
ƙafa ɗaya a ɗage, kamar za ta tsallake rami.

Kwalbar ta yi ƙafa.
Ta je Kejetia, ta je Tafo,
ta shiga akwatin 'yan makarantar kwana,
har jirgi ta hau, a naɗe cikin safa.

Sai bara, bayan ƙaramar salla,
wani saurayi mai waya biyu
ya ce shi ɗan ƙanwarta ne.
Takarda dubu uku yake so kafin Juma'a.
Ban tambaya ba.
Mai gida na bina haya, inji na shan tawada.
Na lashi yatsa na ƙirga sidi,
na danna maɓalli,
zabbi suka yi ta zubowa har magariba.

Yara goma sha huɗu, makaranta ɗaya.
Amai, gudawa, jiki kamar garwashi.
Aka jera su a asibiti, ledar ruwa na ɗiga,
iyaye a dakali suna jan carbi da ƙarfi.
Likita ya ce ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani,
ta kwana a kifin da bai soyu ba,
a kwalbar da ba ta ga ruwan zafi ba.
Ita cuta ba ta iya karatu.
Duba-gari kuwa ya iya:
ya karanta sunan da ke jikin kwalba,
ya sa kwaɗo a ƙofar madafinta.

A kotu alƙali ya tambaya,
"Kin yi wa tambarin rajista?"
Tafinta ya juya mata da Hausa.
Ta ɗaga hannuwanta biyu,
duk tabon mai ne, tsoho da sabo,
ta ce, "Ga ta."
Wani ya yi dariya a baya.
Lauya Boakye bai yi ba,
ya ce doka takarda take sani,
hannu kuwa sai dai a tausaya masa.

Kwana uku ban runtsa ba.
Na huɗu na sa rigar Juma'a,
na ɗauki littafin rasiɗi,
na tsaya inda ake rantsuwa.
Na ce su ƙirga ɗigon.
Nata tara ne.
Na saurayin takwas,
don ranar bakin injina ya toshe,
na gani, na ce wa zai lura.

Alƙali ya sa tabarau yana ƙirga ɗigon zabuwa
kamar yaron da aka aika canji.

An cire kwaɗon.
Yaran sun tashi, ɗaya dai har yau
ba ya cin abin da ya fito daga kwalba.
Saurayin, an ce an gan shi a Techiman,
an ce a'a, Aflao.
Ni tara aka ci ni, na biya,
na sayar da ƙaramin injin.

Amma kasuwa ba ta zuwa kotu.
Mata na wucewa ta gaban teburinta,
su gaishe ta da kyau,
su sayi na maƙwabciya.

Jiya ta zo, ba ta zauna ba.
Takardar rajista a jaka, da hatimin hukuma.
Ta ce, "Ɗari biyu kawai. Ka bar zabuwar.
Amma sauke mata ƙafar nan,
ta riga ta faɗa ramin."
Na ɗauki alƙalami.
Ta tsaya a kaina tana ƙirgawa.